Iboga: Saiwar Gabon da Batun Warkar da Jarabar Ƙwaya



Abin da zan yi magana a kansa yau wani tsiro ne da ake kira iboga, wanda yake fitowa a kurmin Gabon da maƙwabtanta, da kuma da'awar da ake yi cewa saiwarsa tana raba mutum da jarabar ƙwaya cikin dare ɗaya. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan malamin Hausa da harkar likitoci. To, nazarin Hausa ya ƙunshi al'ada, al'ada kuwa ta ƙunshi magani, kuma labarin iboga labari ne na maganin gargajiya da ya bar hannun masu shi ya faɗa hannun wasu mutane dabam, masu wata bukata dabam. Irin wannan tafiya tana iya samun kowane sassaƙe da ke cikin jakar bokanmu.

Kafin in shiga cikin bayani ya kamata mu rarrabe kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa, watau maye da jaraba. Maye shi ne gushewar hankali ko jirkicewarsa na ɗan lokaci saboda wani abu da aka sha. Jaraba kuwa ita ce halin da mutum yake shiga idan jikinsa da zuciyarsa suka saba da abin har ya kasa bari, ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Bahaushe ya san ƙaramar jaraba tun da daɗewa. Duk wanda ya zauna da tsoho mai cin goro ya ga yadda yake yi ran da goro ya yanke: hamma, ciwon kai, faɗa ba dalili. Wadda muke magana a kanta ta fi wannan nesa ba kusa ba. Akwai wani jinsin magunguna da asalinsu daga ofiyom yake, ko kuma an harhaɗa su don su yi aiki irin nasa, kamar su mofin da hirowin da kodin da tiramadol. Wanda ya daɗe yana shan su, idan ya tsaya, cikin yini guda sai hawaye da majina su ɓarke, gumi ya karyo, tsikar jiki ta tashi, gaɓoɓi su yi ta ciwo kamar an yi masa dukan tsiya, ga murɗar ciki da amai da gudawa, ga barci ya ƙaurace. Wannan azaba takan ɗauki kamar mako guda. Da yawa daga cikin masu shan nan sun daɗe da daina jin daɗin abin, tsoron makon nan ne yake mayar da su.

Mu ma abin ya shafe mu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Daga cikinsu miliyan 4.6 sun sha magungunan asibiti na jinsin ofiyom, galibi tiramadol, ba da umurnin likita ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da hannunsu, don sun rasa inda za su kai su. Iyayen da suka kai ga wannan hali, idan suka ji labarin saiwar da ke warkarwa cikin dare ɗaya, za su neme ta ko nawa ne kuɗinta. Shi ya sa nake ganin gara su ji labarin cikakke tun yanzu.

Tsiron da Masu Shi

Iboga ƙaramin itace ne, galibi bai fi tsayin mutum ba, yana da 'ya'ya masu launin ruwan lemo. Masana tsirrai suna kiransa Tabernanthe iboga, sunan da wani Bafaranshe, Henri Baillon, ya raɗa masa a 1889. Yana fitowa a Gabon da kudancin Kamaru da Kwango da Ikwatoriyal Gini. A wajen masanan nan dangi ɗaya suke da tumfafiya, da kuma kwankwani, wanda maharbanmu na dā suke haɗa dafin kibiya da shi. Ƙarfinsa yana cikin ɓawon saiwa, mai ɗaci ƙwarai, wanda ake kankarewa a ci ɗanye ko a shanya a daka.

Mutanen kurmi suna cin kaɗan daga cikinsa don korar barci da gajiya da yunwa, kamar maharbi mai kwana a maɓoya ko mai tuƙa kwalekwale. A nan bai yi nisa da goro ba. Amma babban matsayinsa yana cikin wani addinin gargajiya da ake kira Bwiti, wanda ƙabilun Mitsogo da Fang da wasunsu suke bi. Su da kansu suna cewa daga Babongo, gajerun mutanen nan na cikin kurmi, suka gaji sanin tsiron. Bwitin Fang ya ɗebi abubuwa da yawa daga addinin Kirista, kuma wani masani Ba'amurke, James Fernandez, ya rubuta babban littafi a kansa a 1982. Can ƙasar Fang ɗin, a garuruwa irin su Bitam da Oyem, akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe da zama.

A Bwiti, ci mai yawa ana yin sa ne wajen shigar da sabon mabiyi, sau da yawa sau ɗaya tak a rayuwa. Ana shirya mutum kwanaki kafin ranar: wanka, ƙauracewa wasu abinci, da faɗin laifuffukansa a gaban manya. Sa'an nan a yi ta ba shi saiwar kaɗan kaɗan cikin dare, ana kaɗa wata garaya mai tsirkiya takwas da ake kira ngombi, manya suna zaune kewaye da shi suna lura da numfashinsa da ɗumin jikinsa, har ya kwanta kamar matacce. A imaninsu ya tafi ƙasar kakanni ne. Idan ya farfaɗo sai ya ba da labarin abin da ya gani, manya su fassara masa, a ba shi sabon suna, ya zama ɗan ƙungiya mai hakki da wajibi. Na san wasu a nan zuciyarsu ta tafi ga girka ta 'yan bori. Akwai kama, ta wajen kiɗa da sabon matsayi, amma akwai babban bambanci, domin a Bwiti saiwar ce ginshiƙin al'amarin. Kuma mu riƙe wannan: mutanen Gabon ba don jarabar ƙwaya suka san iboga ba. Wannan amfani baƙo ne ya gano shi.

Daga Faransa zuwa Niyu Yok

A 1901 wasu masana a Faransa, Dybowski da Landrin, suka tace sinadarin da ke aiki a cikin saiwar suka sa masa suna ibogen. Daga 1939 aka riƙa sayar da wata ƙwaya a kantunan magani na Faransa mai suna Lambarène, sunan wani gari a Gabon, a matsayin maganin kasala da gajiya. Kowace ƙwaya tana ɗauke da kimanin miligiram 8, abin da ake bai wa mai jaraba a yau kuwa ya ninka wannan kusan sau ɗari. 'Yan wasanni suka riƙa shan ta don ƙarin ƙarfi, kafin a janye ta a shekarun 1960.

A 1962 wani saurayi ɗan shekara 19 a birnin Niyu Yok, Howard Lotsof, wanda ya kamu da jarabar hirowin, ya sha ibogen don neman maye kurum. Ya yi fiye da yini guda yana gane-gane. Da abin ya sake shi sai ya lura cewa lokacin shan hirowin ɗinsa ya wuce tuni, ga shi kuwa ba hamma, ba ciwon gaɓoɓi, ba sha'awa. Bisa ga abin da ya faɗa, su bakwai ne masu jarabar hirowin da suka gwada, biyar suka tsaya da sha na wani lokaci. Lotsof ba likita ba ne, kuma Amurka ta sa ibogen cikin jerin haramtattun ƙwayoyi mafi tsanani a 1970, amma ya ƙarar da rayuwarsa yana bin wannan magana har ya rasu a 2010. A 1985 ya sami takardar mallakar fasahar yin amfani da ibogen wajen yanke jarabar ofiyom. Daga ƙarshen shekarun 1980 shi da wasu ƙungiyoyin masu jaraba suka riƙa ba da shi a ƙasar Holan, a gidaje da ɗakunan otal.

Masana suka fara sa ido. A 1991 Stanley Glick na kwalejin likitanci ta Albany ya nuna cewa ɓerayen da aka saba musu da mofin suna rage danna abin da ke ba su mofin bayan an yi musu allurar ibogen, wasunsu har kwanaki. Wannan hujja ce mai nauyi, domin ɓera bai ji labarin Lotsof ba balle a ce imani ne ya yi masa aiki. A 1993 hukumar magunguna ta Amurka ta ba Deborah Mash ta Jami'ar Miami izinin fara gwaji a kan mutane. Sai dai a shekarar ce wata mace 'yar shekara 24 ta mutu a Holan bayan an ba ta maganin, a shekarar ce kuma masana a Jami'ar Johns Hopkins suka ga cewa ibogen mai yawa yana lalata wasu ƙwayoyin halitta a ƙeyar ƙwaƙwalwar ɓera. A 1995 cibiyar gwamnati da ke ba da kuɗin irin wannan bincike ta janye hannunta. Daga nan aikin ya koma ƙananan asibitoci masu zaman kansu a Meziko da tsibiran Karibiyan da wasu wurare, inda doka ba ta hana ba, ba ta kuma tsara ba.

Abin da Yake Yi a Jiki

Wanda aka ba ibogen mai yawa yakan shiga matakai uku. Cikin awa ɗaya zuwa uku sai jiri da amai su zo, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa, kunne ya riƙa jin wata ƙara. Idan ya rufe ido sai ya riƙa ganin hotuna suna wucewa kamar majigi, sau da yawa na ƙuruciyarsa da iyayensa da mutanen da ya cuta. Masana suna kwatanta wannan da mafarki a farke, kuma yakan ɗauki awa 4 zuwa 8. Bayan haka sai wani dogon lokaci na shiru da tunani, mutum yana juya abin da ya gani. Na ƙarshe shi ne rashin barci da ke iya kai kwana biyu ko uku. Kusan duk waɗanda suka sha sun yarda cewa ba abin marmari ba ne, shi ya sa ba a san shi da jawo tasa jarabar ba.

A ƙwaƙwalwa kuwa, ibogen yana taɓa wurare da yawa a lokaci guda, har da wasu daga cikin waɗanda ofiyom yake kamawa. Hanta tana juya shi zuwa wani sinadari, noribogen, wanda yake daɗewa a jini, ana kuma jin shi ne yake danne sha'awa a kwanakin da ke biye. An kuma ga a jikin ɓera cewa yana ƙara wani sinadari mai ciyar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sai dai hantar mutane ba ɗaya ba ce. Wasu an haife su da mai saurin juya shi, wasu da mai nawa, saboda haka awo ɗaya yana iya zama daidai ga Audu ya yi wa Tanko yawa.

Yanzu ga hujjar da ake da ita a kan mutane. Kenneth Alper na Jami'ar Niyu Yok da abokansa sun tattara labarin mutum 33 da aka yi wa magani, suka buga a 1999: 25 daga ciki azabar yankewa ta ɗauke musu, ba su nemi ƙwaya ba har tsawon kwana uku da aka lura da su. A wani nazari na mutum 30 a Meziko da aka buga a 2017, rabinsu sun ce ba su taɓa ofiyom ba har wata guda, daga nan adadin ya riƙa raguwa. A Niyu Zilan an bi mutum 14 har shekara guda aka ga sauƙi mai ɗorewa a wajen da yawansu, amma wani da aka sa cikin nazarin ya mutu ana tsakiyar ba shi maganin. Ɗalibai su lura da ƙanƙantar waɗannan alkaluma, su kuma lura cewa a cikinsu babu inda aka raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wasu ibogen aka ba wasu wani magani, sa'an nan aka gwada. Wannan shi ne ma'aunin da ake karɓar sabon magani da shi.

Maganar Zuciya

Nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin nan ne masu tallar iboga suke saurin wucewa. Ku ɗauki mata suna lugude a turmi ɗaya. Daɗinsa da lafiyarsa duka suna ga kowace ta ɗaga taɓaryarta a kan kari kafin ta gaba ta sauko. Idan ɗaya ta yi nawa, sai taɓare su haɗu, dakan ya watse. Haka zuciya take. Bayan kowane bugu tana bukatar ɗan lokaci, ƙasa da rabin sakan, ta sake shiri, kuma wannan shiri yana faruwa ne ta wasu 'yan ƙofofi da sinadarin fotashiyam yake fita ta cikinsu. Ibogen yana toshe ƙofofin nan. Sai lokacin shiri ya tsawaita, bugu na gaba ya sauko kafin a gama, zuciya ta shiga karkarwa maimakon bugu, jini ya daina zagawa. Wannan yana iya faruwa ga saurayi lafiyayye, yana kuma iya faruwa kwana ɗaya ko biyu bayan an sha, lokacin da kowa ya saki jiki.

Alper ya sake tattara rahoton mutum 19 da suka mutu tsakanin 1990 da 2008, daga awa ɗaya da rabi zuwa awa 76 bayan shan ibogen. Yawancinsu suna da ciwon zuciya ko na hanta tun da farko, ko kuwa sun haɗa da wata ƙwaya. An ci gaba da samun mace-mace bayan wannan. Masu goyon baya sukan ce ai wannan laifin rashin kulawa ne. Amma a wani gwaji da aka yi a asibitin jami'a a Holan, aka buga a 2021, an tace mutum 14 masu lafiyar zuciya aka ba su awo matsakaici, duk da haka rabinsu lokacin shirin zuciyarsu ya haura rabin sakan, watau iyakar da likitoci suke ɗauka ta haɗari. Ba wanda ya mutu, amma suna kwance ne da na'ura a ƙirji da likita a kansu. A 2024 masana na Jami'ar Stanford sun ba da rahoton tsofaffin sojoji 30 masu raunin ƙwaƙwalwa da aka ba ibogen tare da sinadarin magniziyam don kare zuciya, ba a sami matsalar zuciya mai tsanani ba. Labari ne mai daɗi, sai dai mutum 30 ne, kuma ba jarabar ofiyom aka yi musu magani ba.

Akwai haɗari na biyu wanda ya fi ɓoyuwa. Mai jaraba yana jure awon da zai kashe wanda bai saba ba. Da zarar an wanke shi, wannan juriya ta tafi. Idan ya koma unguwarsu, ga abokan nan, ga rashin aikin nan, ya sha abin da ya saba sha a dā, numfashinsa yana iya tsayawa. Saboda haka ne likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fi ƙarfafa magunguna irin su metadon, wanda aka fara amfani da shi haka a Niyu Yok a tsakiyar shekarun 1960, da bufurenofin. Ana sukar su da cewa musanya jaraba ce da jaraba, tun da kullum ake sha, wani lokaci shekara da shekaru. Amma an gwada su a kan dubban mutane, an ga suna rage mutuwa da kimanin rabi. A nawa ganin, duk wanda zai ce a bar su a kama iboga, wajibinsa ne ya kawo alkaluma masu nauyin waɗannan, kuma har yanzu ba a kawo ba. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne ibogen yana tsallakar da mutane da yawa makon azaba, yana kuma ba su 'yan makonni na sararawa. Abin da aka yi da makonnin nan shi ne sauran aikin. A Bwiti wanda ya farfaɗo yana tarar da jama'a da sabon suna da manya masu bibiyarsa har ƙarshen ransa. A asibitin kuɗi kuwa yakan biya dubban daloli, ya yi mako guda, a kai shi filin jirgi.

Wani zai tambayi hukuncin yin magani da abin da ke jirkita hankali. Wannan fage ne na malaman fiƙihu, kuma ba sabo ba ne a wurinsu, domin Alƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya rarrabe a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abin da ke sa maye da nishaɗi, da mai ɓata hankali, da mai gusar da ji gaba ɗaya. Su za su faɗi inda iboga ya faɗa, bayan likitoci sun yi musu bayaninsa.

Kuɗi, Doka da Kurmi

Abin da ya dawo da maganar ibogen a 'yan shekarun nan shi ne annobar da ta auka wa Amurka, inda daga 2021 zuwa 2023 mutum fiye da 100,000 suke mutuwa kowace shekara saboda ƙwaya ta yi musu yawa. A watan Yuni na 2025 gwamnan jihar Tekzas, Greg Abbott, ya sa hannu a kan dokar ware dala miliyan 50 don gwajin ibogen a asibitoci. Wasu masanan kuma sun bi wata hanya, watau su sassaƙa sinadarin su cire abin da ke taɓa zuciya. Glick da abokin aikinsa sun haɗa wani tun shekarun 1990, David Olson na Jami'ar Kalifoniya ya fito da wani a 2020 wanda ya yi aiki a jikin ɓera. Dokokin ƙasashe sun sha bamban: Faransa ta haramta iboga a 2007, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu kuwa suka sa ibogen cikin magungunan da sai da takardar likita.

Su kuwa mutanen Gabon, wannan kasuwa ta zame musu wahala. Itacen yana bukatar shekaru kafin saiwarsa ta ƙosa, masu sara kuwa tumɓuke shi suke yi gaba ɗaya. Farashi ya hau har masu Bwiti suna kukan ba sa samun na ibadarsu, ana kuma cakuɗa shi da wasu saiwoyi a sayar ta intanet. Gwamnatin Omar Bongo ta ayyana iboga a matsayin gadon ƙasa a 2000, a 2019 kuma aka dakatar da fitar da shi waje sai da izini. Gabon ce ƙasa ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar Nagoya a 2011, wadda ta ce duk wanda ya ci riba da tsiron wata al'umma da saninta, to ya raba da ita.

Wannan takurawa ta juya hankalin masu sarrafa ibogen zuwa ga wani ɗan uwan iboga mai suna Voacanga africana, wanda ɓawonsa yake ɗauke da wani sinadari da ake iya juyawa ya zama ibogen a ɗakin gwaji. Shi wannan itace yana fitowa a Ghana da Kwaddibuwa da Kamaru da kudancin Nijeriya, kuma an daɗe ana fitar da irinsa daga Ghana zuwa kamfanonin magani na Turai don wani aiki dabam. Ma'aikatan gandun daji da na kwastan da na hukumar NAFDAC da ke cikin wannan zaure su san sunansa, domin idan gwajin Tekzas ya yi nasara, masu saye za su biyo shi har dazuzzukanmu, kuma ranar za a tambayi wanda ya ba da izinin sara da abin da manomi zai samu a kan kowane buhu.